Kilo Shida a Ƙafar Auta

Littafin fiziks ne ya karya wa ƙanwata cinya, ko da yake ita ta fara tsokanarsa. Ranar da sakamako ya fito ta ga ta faɗi a karo na biyu, ta shigo gida ko sallama babu, ta ɗauki littafin da hannu biyu ta wurga shi can saman kabad ɗin kaya, ta rantse ita da shi sai a lahira. Bayan sati uku makaranta ta sanar za a ba waɗanda suka faɗi dama ta ƙarshe, wanda ya sake faɗuwa kuma ya tattara nasa ya nasa. Sai Auta ta ɗora kujera a kan tebur ta hau. Littafin kam ta ɗauko shi. Tare suka sauko.

Ni ce babbar yayarta, ɗinki nake yi. Mamarmu ba ta iya jure warin asibiti, jininta hawa yake, saboda haka ni aka tura jinya. Na rufe shago, na ɗauki tabarma da bokiti da butar shayi na bi ta.

Ɗakin mata masu karaya gado shida ne, Auta tana na uku. Babban likitan ƙashi ya ce ba za a yi mata aiki ba tukuna, jan ƙafar za a yi har ƙashin ya daidaita. Suka soka mata siririn ƙarfe a ƙasan gwiwa ya fita ta ɗaya gefen, suka ɗaura masa igiya. Igiyar ta bi ta kan wata 'yar taya a ƙarshen gado, irin ta keken ɗinkina, su fuli suke ce mata, ta sauka ƙasa, aka rataya mata dunƙulen ƙarfe mai kilo shida yana reto. Sannan aka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen ƙafa, kan Auta ya yi ƙasa, ƙafafunta suka yi sama. Aka ce haka za ta zauna sati shida. Jarrabawa kuwa saura sati huɗu.

Da na ga abin sai na ce ai shi ke nan, magana ta ƙare, a haƙura da karatun bana. Auta ta ce in ba ta wayarta. Tana kwance tana kallon silin ta rubuta wa makaranta takarda, bayan kwana biyu aka amsa cewa za a turo mai sa ido ta rubuta a kan gadonta. Na ga fuskarta lokacin da take karanta amsar. Ba haka ta so ba. So ta yi su ƙi, ta samu wanda za ta ɗora wa laifi.

Tunda ba ta iya zama sosai, kuma littafin ya kai nauyin jariri, ni ce mai riƙewa da karantowa. Ita tana da allon katako a kan cikinta tana rubutu. Tun rana ta farko muka samu ta uku a karatun ba tare da mun gayyace ta ba: tsohuwar gado na huɗu, wadda kowa ke kira Kaka. Shekara arba'in ta yi tana sayar da ƙusa da kwaɗo da sarƙa a kan sikeli, har ranar da ta zame a banɗakin ɗanta ƙugunta ya goce. Jikinta ne kawai a kwance, bakinta a tsaye yake.

Na karanto tambaya ta farko. "Wani mutum ya tsaya a saman bene mai tsawon mita ashirin, ya saki dutse. A yi watsi da iska. Daƙiƙa nawa dutsen zai yi kafin ya taɓa ƙasa?"

Kaka ta ce, "Wa ke ƙasan?"

Auta ta ce, "Ba kowa, Kaka."

"To me ya kai shi? Babba da shi, ya hau bene yana jifa. Ba shi da aikin yi ne?"

"Misali ne kawai."

"Kuma iskar da ya ce a yi watsi da ita, shi da me yake numfashi?"

Auta ta gaya mana cewa malaminsu ma sunan da ɗalibai suka sa masa ke nan, Malam A-yi-watsi. Duk tambayar da zai yi sai ya yi watsi da wani abu: iska, nauyin igiya, gogayya. Ta ce bara da ta je ofishinsa roƙon maki uku, ita ma watsin ya yi da ita.

Na karanto ta biyu, wadda aka ɗora akwati a kan gangaren da ba shi da gogayya ko kaɗan, wato sulɓi ne zalla. Auta ta ce irin wannan wurin babu shi a duniya, a littafi kawai yake. Kaka ta ce ƙarya ne, akwai shi, a kai malamin banɗakin surukarta bayan an wanke tayil da sabulu ya gani da ƙugunsa.

Haka muke yi kullum daga hantsi zuwa azahar. Ni ban gane komai ba, amma na gane Auta ma ba ta gane ba. Haddace ƙa'idojin take yi kamar lambar waya. Da na gama karanto tambaya sai ta zazzago duk wanda ta tuna, ta cusa lambobi, ta ce in duba bayan littafi. In amsa ta fito daidai ta ce ai dama ta sani. In ba ta fito ba ta ce masu buga littafin ne suka yi kuskure. A sati ɗaya masu buga littafin nan sun yi kuskure ya fi sau talatin.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. Ƙarfen nan mai kilo shida ya tsaya mini a rai. Ina zaune a kan tabarma a ƙarshen gado, shi ne a gaban idona, yana jan ƙafar yarinyar da na goya. Da safe takan cije leɓe ta ce yana ja mata har cikin ƙugu. Ni da na san ko zare ka ja da yawa tsinkewa yake, sai na ga wannan ai zalunci ne. A rana ta huɗu, bayan likitoci sun gama zagaye, Sista mai kula da ɗakin ta koma teburinta, na kife bokitina a ƙarƙashin ƙarfen. Tsayinsa ya yi daidai kamar an auna. Ƙarfen ya zauna a kai ya huta, na ja bakin zanen gado na rufe. Ba a yi minti biyar ba Auta ta ce, "Yaya, maganin nan na rana yana da kyau." Na ce ai kuwa.

Kullum haka nake yi. In sa bokiti bayan zagaye, in cire kafin ma'aikatan yamma su karɓi aiki. Kaka tana kallona. Ranar farko ta ɗaga mini gira, ta juya fuskarta bango.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba Sista haushi. Kullum da la'asar sai ta tarar Auta ta zame ta yi wajen kan gado, har kanta yana dungurin ƙarfen gadon. Sai ta kira ni mu kama ta mu mayar da ita tsakiya, tana faɗa. "Ke wace irin marar lafiya ce? An ɗaure ki da igiya ma ba ki zauna wuri ɗaya ba."

Bayan kwana goma da fara sa bokitin aka turo injin hoto aka ɗauki cinyar. Babban likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo, ƙananan likitoci huɗu suna bayansa suna kallon abin da yake kallo. Ya ce ƙashin bai jawu yadda ya kamata ba, bakin karayar har yanzu a haɗe yake ɗaya kan ɗaya. Ya leƙa ƙarfen, yana nan yana reto abinsa, don safiya ce. Ya ce a ƙara kilo biyu, in sati ya zagayo ba canji, sai aiki. Da suka fita Auta ta ja zane ta rufe fuska. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne sun ƙara wa yarinya azaba, saboda haka ranar ma ban jira Sista ta zauna ba na kife bokiti.

Washegari da rana muna kan babi na biyar, na karanto mata wata. Akwati ne a kan gangare, an ɗaura masa igiya ta bi ta kan fuli a saman gangaren, an rataya wani nauyi a ɗaya bakin. Ana tambaya, akwatin sama zai yi, ko ƙasa, ko zai tsaya?

Kaka ta ce, "Wannan ai ke ce. Sun sa ki a littafi ba su biya ki ba."

Auta ta yi dariya, sai kuma ta daina. Ta ce in juyo mata hoton da ke littafin. Ta daɗe tana kallonsa, ta kalli igiyarta, ta kalli ƙafafunta da ke sama da kanta. A karo na farko tun da muka fara, ba ta zazzago ƙa'ida ko ɗaya ba. Ta zana akwati a takarda, ta yi masa ɗan kai da kitso. Ta ja kibiya ɗaya ta nufi wajen kan gado, tana magana ita kaɗai: wannan nauyina ne, gangare yana zamar da ni. Ta ja wata ta nufi wajen ƙafa: wannan igiya ce. Ta ce in sun yi kusan daidai, katifa ta riƙe ragowar, ba inda za ni.

Ta buga biro a haƙori.

"Yaya, da safe ina zamewa?"

Na ce ban lura ba.

"Ba na zamewa. Da daddare ma ba na zamewa. Sai da rana. Nauyina bai canzawa da rana, bulo bai canzawa, katifa ita ce dai. Saura igiya." Ta miƙa hannu iya ƙarfinta ba ta kai ba, ta ɗauki rula ta taɓo igiyar. Igiyar ta yi lako-lako kamar igiyar shanya. "Me ke ƙarƙashin ƙarfen nan?"

Na ce ƙasa.

"Yaya."

Kaka ta ce, "Bokiti ne, shuɗi. Yau kwanansa goma sha ɗaya."

Ban taɓa jin Auta ta zage ni ba, ranar ma ba ta zage ni ba, amma da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Bayani ta shiga yi mini a hankali, irin yadda ake yi wa yaro. Ta ce igiya ba ta san kilo nawa aka rataya mata ba, abin da aka bar mata ta ɗauka kawai ta sani. In ƙarfe ya zauna a kan bokiti, bokiti ne ke tura shi sama da duk ƙarfin da ƙasa ke jansa, igiya ba ta da aiki, ƙafa kuma ba mai janta. Tana cikin faɗa sai ta tsaya, bakinta a buɗe. Ta ce, "Au. Wannan ne ƙarfin da suke zanawa yana kallon sama. Shekara biyu ina zana kibiyar nan ban san ta mece ce ba." Ta manta da ni, ta ce in koma babi na huɗu tun daga farko.

Na cire bokiti. Na roƙe ta kar ta gaya wa Sista. Ta ce ba za ta faɗa ba, ni zan faɗa, don in ba a faɗa ba kilo takwas za su bar mata a banza, ko su yanka ta a banza. Na je teburin Sista na tsaya kamar mai neman aiki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge, ta ce a shekara goma sha tara ta ga masu jinya sun ba marar lafiya abin da aka hana, ta ga wanda ya kwance bandeji don ya ga ciwo, amma ba ta taɓa ganin wadda ta ba ƙarfe kujera ba. Ta ƙwace bokitin. Da safe babban likita ya sa aka mayar da nauyin kilo shida, sannan ya nuna ni ga ƙananan likitocinsa ya ce su kalle ni da kyau, ba a koyar da irina a makaranta amma za su yi ta haɗuwa da ni.

Daga ranar karatun ya canza. Kowace tambaya sai Auta ta zana abin, ta bi shi da kibiyoyi, tana tambayar kanta wa ke ja, wa ke turawa. Lissafin har yanzu yana ba ta wahala, takan manta ta raba da biyu, takan sa alamar ragi inda bai kamata ba, amma masu buga littafi sun rage kuskure sosai. Kaka ta koma mai duba aiki. Lissafin baki ba wanda ya kama ƙafarta a ɗakin nan. Kafin Auta ta danna kalkuleta, tsohuwa ta ce, "Saba'in da biyu da rabi," ta ci gaba da ɓare lemonta. Ranar da aka sake ɗaukar hoto aka ce ƙashi ya fara komawa layi, na fita bayan ɗakin na yi kukana na dawo na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Ranar jarrabawa mun zaci wani ma'aikaci za a turo. Ƙarfe tara sai ga wani ɗan siririn mutum da jaka a hammata yana tambayar gado na uku. Auta ta ce mini a hankali, "Shi ne, Malam A-yi-watsi." Na yi ta kallonsa. Yadda take ba da labarinsa na ɗauka sai ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Ashe ko kafaɗata bai kai ba, kuma wuyan rigarsa wanda ya ɗinka bai iya aiki ba.

Ya gaishe mu da ladabi, ya matso ya yi wa Auta sannu. Idonsa ya sauka a kan fuli, ya ɗan yi murmushi, ya bi igiyar da kallo har zuwa inda ƙarfe ya shiga naman ƙafa ya fita. Murmushin ya tafi. Ya ce, "Wannan ta ciki ya bi?" Sista ta ce ta cikin ƙashi ma. Ya ce to, ya nemi bango da hannu bai samu ba, ya sulale a kan tabarmata.

Sai da aka ɗaga masa ƙafafu aka yi masa fifita da fayil ɗin wata marar lafiya kafin ya farfaɗo. Kaka ta leƙo ta ce, "Ku ba shi wuri ya sha iska. Yau kam ba zai yi watsi da ita ba." Na haɗa masa shayi da sukari da yawa. Ya sha, ya ba da haƙuri, ya ce shi tun yana yaro ko allura ba ya iya kallo. Ya ce jarrabawa dai dole a yi ta, amma ba zai iya fuskantar gadon ba. Aka juya masa kujera yana kallon taga, ya miƙa takardar tambayoyi ta bayansa.

Na ga idon Auta ya yi wani haske. Littafin yana ƙarƙashin gado, ni ina kusa, mai sa ido ya ba mu baya. Ni ma, gaskiya, har na fara matsawa. Sai Kaka ta ce, "Malam, kalli tagarka, ni zan tsare maka ita." Ta sa aka fitar da ni baranda, ta sa Sista ta ɗauke littafin da wayar ta ajiye su a kan gado na huɗu. Awa biyu ina leƙe ta gilashin ƙofa, tsohuwar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Daga baya Auta ta ce sau ɗaya ta ɗaga kai tana neman bakwai sau takwas a silin, Kaka ta ce mata, "Amsar ba ta can." Kuma ta san amsar, ta ƙi faɗa.

Da lokaci ya cika malamin ya karɓi takarda ta bayansa yadda ya ba da ita, ya yi mana sallama yana kallon ƙofa, ya fita da sauri har ya manta murfin biro.

An sallami Kaka kafin sakamako ya fito. Ɗanta da surukar suka zo da keken guragu, tana ta yi musu faɗa a kan yadda suka naɗe mata kaya. Ta bar wa Auta ragowar lemonta, ni kuma ta ce in riƙa jin tausayi da lissafi.

Sakamakon ya shigo waya ranar da aka fara koya wa Auta tafiya da sanduna. An cire ƙarfen kwana uku kafin nan, ƙafar ta rame ta yi fari kamar ba tata ba. Muna tsakiyar baranda, mai koyar da tafiya yana gabanta yana ƙirga mata taku, ni ina baya riƙe da zanenta. Wayar ta yi ƙara a jakata. Ta ce in duba, in babu kyau in ce talla ce.

Na ce, "Hamsin da huɗu."

Ta tsaya a kan sandunan tana numfashi. Ta ce in sake dubawa ko lambar wani ce. Na karanto mata lambarta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a kawo mata kujera. Mai koyar da tafiya ya ce babu kujera sai ta kai ƙarshen baranda, saura taku goma sha biyu, kuma shi bai ga abin tsayawa a hamsin da huɗu ba, 'yarsa tamanin take ci.

Auta ta ce, "Allah ya ƙara mata," ta ɗaga sanda ta ci gaba. A taku na biyar ta ce in kira Mama, amma in fara tambayarta ko ta sha maganinta kafin in faɗa mata.